Kafintan da Ya Kai wa 'Yan Teku Gado

Mu'allim Tanios kafinta ne a garinmu da ke bakin ruwa, arewa da Beirut, kuma in ka cire matarsa Najiba, babu abin da yake so a duniya kamar kulob ɗin 'Yan Tudu. Ita ma Najibar takan ce ba ta da tabbacin ita ce a gaba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da fensir a bayan kunne, bakinsa kuwa ba linzami. Mahaifinsa ne ya ƙera bencinan zauren da muke buga ƙwallon kwando, shi kuma ya gaji gyaran katakon daɓen. Wurin zamansa a layin gaba yake, daidai bayan kwando, inda alƙalin wasa zai ji duk abin da ake faɗa game da raunin idonsa.

Kulob biyu ne a garin. Wanda aka haifa a saman titin coci ɗan Tudu ne, wanda aka haifa a unguwar masunta ɗan Teku. Ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya, amma ranar wasa ko gaisuwa sai da dalili.

Ni sunana Nadim, sai dai tun da na zo daga ƙauyenmu na Biƙa ban ƙara jin sunan a bakin kowa ba. Dogo kawai. 'Yan Tudu ne suka ɗauko ni don in tsaya musu a ƙarƙashin kwando, suka kama mini ɗaki a saman shagon Mu'allim. Washegarin zuwana ya gan ni ina saukowa a karkace, hannu a ƙugu. Bai tambaye ni komai ba, ya haura ya duba gadon, ya ga inda ƙafafuna suke reto. Ya sa na miƙe a ƙasa ya gwada ni da tef, yana tambaya ko taki mahaifiyata take zuba mini a abinci. Na gaya masa ina da tsohon ciwon baya tun lokacin da nake ɗaukar buhunan dankali a gona.

A cikin ɗakin ya haɗa gadon, don matakalar benen ƙunci gare ta. Bai sa ƙusa ko ɗaya ba, katako ne ya shiga cikin katako, kuma ya jera faffaɗan alluna a ƙasan katifa yadda tsakiya ba za ta lotsa ba. Tun daga ranar na manta ina da baya. Na yi shekaru a saman shagon nan, ina cin shinkafa da ƙaramin waken adas na Najiba, ina shan faɗan mijinta. A wurinsa ban taɓa yin wasa mai kyau ba. In mun ci, ya ce abokan karawar ne ba su da kirki, in an ci mu, ya ce hannuwana ne kamar filanki.

Ana tsakiyar kakar wasa, bayan sabuwar shekara, koci ya tsayar da ni bayan atisaye ya ce an yi musaya da ni. 'Yan Tudu suna da dogaye biyu, ba su da mai jefawa daga nesa. 'Yan Teku kuwa masu jifa sun yi musu yawa, amma ƙarƙashin kwandonsu kamar kasuwa, kowa shiga yake ya fita. Sai manya suka zauna suka ba da ni, suka karɓi wani Hagop mai hannu kamar an saita shi. Masu sharhi a rediyo suka ce yanzu Teku ta cika, abin da ta rasa ke nan, kuma 'Yan Tudu za su yi da-na-sani.

Jaka ɗaya na ɗauka. Gadon ba ya fita ta ƙofa sai an kwance shi, kuma mutum ɗaya ne ya san yadda ake kwancewa. Da na sauko yi masa sallama, ya kunna injin zarto ya ba ni baya. Najiba ce ta raka ni bakin titi da kwalbar zaitun. Na ji zafin abin ƙwarai, amma ban ga laifinsa ba.

Gidan da 'Yan Teku suka ba ni yana kallon ruwa, kowa yana cewa na dace. Gadon ciki na masu matsakaicin tsawo ne, ba irina ba. Na sauke katifa ƙasa, sanyin daɓe da laimar teku suka kama ni. Kulob ya sayo dogon gado daga Beirut, mai taushi, tsakiyarsa ta lotsa da ni kamar raga. Kafin wata ya ƙare bayana ya ƙage. Ba tsalle, ba juyi, gajeru suna ɗauke ƙwallo a saman kaina. Ƙungiyar da aka ce ta cika sai ga ta tana shan kashi a jere, Hagop kuma yana can yana zuba wa 'Yan Tudu ƙwallaye.

Kocin Teku mutum ne da ba ya kwana-kwana. Ya ce mini in wasanmu da Tudu ya wuce ban canja ba, za su kawo wani daga waje. Na san ma'anar wannan. Babu kulob ɗin da zai ɗauki dogo mai ciwon baya, sai dai in koma gonar dankali da bayan da ba ya ɗaukar buhu, ga uwa da ƙanne suna kallon hannuna. Duk da haka ban iya hawa Tudu na roƙi gadon ba. Ina da girman kai daidai tsawona, kuma da wane ido zan ce wa mutumin nan ya taimaka mini in ci kulob ɗinsa?

Sauran labarin daga bakin Najiba na ji shi daga baya. Ta hango ni a kasuwar kifi ina tafiya kamar tsoho, ta koma ta gaya wa mijinta, kuma da yake ba a hankali ta faɗa ba, maƙwabta suka ji. Kafin yamma magana ta kai shagon gahawar Abu Fu'ad, abokin Mu'allim tun suna yara, inda 'yan Tudu suke taruwa buga tawula, darar da ake yi da 'yan ƙwayoyi a kan allo. Murna ta kama su. Da ma suna ta ba'a cewa sun sayar wa Teku tsani mai gara, yanzu kuma sun gano inda garar take. Abu Fu'ad ya yanke hukunci cewa gadon dukiyar Tudu ne, ba ya motsawa sai bayan wasa. Mu'allim, wanda ba a taɓa gama magana bai sa baki ba, ya tashi ya koma gida. Najiba ta ce kwana biyu yana hawa ɗakin yana zama a bakin gadon, abinci ma sai ta yi da gaske.

Saura 'yan kwanaki wasa, da hantsi, na ji ana danna ham a ƙasa. Na leƙo na ga a-kori-kurarsa cike da katako, tutar Tudu tana kaɗawa a kai, a tsakiyar unguwar masunta. Masu gyaran raga suka miƙe.

"Mu'allim, ɓatan hanya ka yi?" in ji wani.

"Kayanku na kawo muku," ya ce. "Kun sayi jaki kun bar mangala."

Ya sa suka taya shi hawa da katakon, yana zagin yadda suke riƙewa. Ya haɗa gadon bai kalle ni ba. Da ya gama ya ce in kwanta ya gani, ya danna tsakiya da gwiwa, ya gyaɗa kai. Na fara godiya, ya katse ni.

"Riƙe godiyarka, Dogo. Ni na yi gadon nan, kuma ban yi shi don ƙura ta kwanta a kai ba. Ranar Lahadi zan zage ka har kakanka."

Ya kuwa cika alkawari. Bayana bai warke sarai ba, amma ya saki, kuma hakan ya isa. Na tsaya a ƙarƙashin kwando, 'yan Tudu suka rasa hanyar shiga, duk wanda ya kutso sai ya tarar da hannuna. Aka bar Hagop shi kaɗai yana jifa daga nesa har kafaɗarsa ta gaji. Duk lokacin da na kaɗe ƙwallo ina jin muryar Mu'allim a bayana yana kirana falwaya, yana cewa asarar shinkafar Najiba. Muka ci su. Teku ta wuce zagayen ƙarshe a shekarar, Tudu ta tsaya a hanya. Ni kuma na ci gaba da wasa shekaru, na yi aure, na rufa wa mahaifiyata ɗaki.

Abin da ya biya bai taɓa gaya mini ba. Har bazara babu wanda ya zauna buga tawula da shi. Abu Fu'ad yakan ajiye masa gahawa ya wuce ba magana, wani kuma ya rubuta "kafintan Teku" da fenti a ƙofar shagonsa. Kullum yana zuwa shagon gahawar ya zauna shi kaɗai da allonsa a rufe. Da na ji na hau Tudu don in ba shi haƙuri, sai ya ce kocinsu ne jaki shi ya sa aka ci su, in daina ɗaukar kaina da muhimmanci. Sannan ya ƙwala wa Najiba kira ta ƙara cokali. Duk abin da na samu a wasan nan, bayan Allah, mutumin nan ne, kuma ban taɓa samun damar faɗa masa ya tsaya ya ji ba.

Bara lokacin tsinkar zaitun ya rasu. A garinmu a kafaɗa ake ɗaukar akwatin gawa daga gida zuwa coci, kuma 'yan Tudu ne suka kewaye nasa. Na raɓe can baya, don na san matsayina. Abu Fu'ad, da sandarsa, ya waiwayo ya neme ni a saman kawunan mutane, wanda ba shi da wuya.

"Dogo, zo ka kama."

Kafaɗun sauran duk a ƙasa da tawa suke. Don akwatin ya daidaita sai da na lanƙwasa gwiwa na duƙar da baya, ga hanyar coci hawa ce tun daga ƙofar shago. Muna cikin tafiya Abu Fu'ad ya taɓa ni da sanda.

"Ƙara sunkuyawa, ɗana, kana karkata mana shi."

Na ƙara sunkuyawa. A haka na kai shi har ƙofar coci, kuma bayan nan bai yi mini ko ƙyas ba.