Kitson da Na Yi a Kuala Lumpur

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, jakata cike da kuka da daddawa. Ƙanwata da ke karatun digiri na uku a Malesiya ce ba lafiya. Ciwon daji ne, kuma maganin asibiti ya share mata gashi tas. Umma ta riƙe hannuna ta ce, "Ki kular min da kanta. Kin san ta da son kitso."

Kuala Lumpur garin ruwan sama ne da gumi, kafin ki ɗaura zani bayan wanka kin sake jiƙewa. Titunansu sumul, amma har miya sai sun zuba mata sukari. Na tarar da ita a unguwar Bukit Jalil ta rame, sai dai bakin nan yana nan. Ta zame ɗankwali ta ce, "Yaya, ga ƙwaryar da za ki yi wa shuku." Na yi dariya, na shiga banɗaki na sha kuka.

Wata ƙawarta ta ba mu labarin wata tsohuwa 'yar ƙasar Sabiya ta Turai, mazauniyar unguwar Sentul, mai haɗa maganin gashi irin na ƙauyensu. Na ce, mu da muka gaji man shanu Baturiya ce za ta koya mana? Amma mai nema yana tare da samu. Na hau jirgin ƙasa, na zarce tashar unguwar don ƙauyanci, na dawo.

Tsohuwar ta nuna min busasshen ganye mai ƙaiƙayi da ake dafawa a wanke kai, kopriva take kiransa, da wata saiwa da aka jiƙa a man zaitun. Da Turancinta mai ɗingishi ta ce, "'Yata, wannan ba ya warkar da ciwo. Amma kai yana son hannu."

Kullum bayan la'asar nake zaunar da ƙanwata tsakanin ƙafafuna ina shafa mata man a ka, kamar muna yara. Gashi ya tsiro, mai laushi irin na jarirai. Na san likitoci sun dakatar da maganinsu ne don ya daina amfani, shi ya sa gashin ya samu hanya. Ita ma ta sani. Duk da haka muka yi ta yabon man tsohuwa.

Ranar da ƙanwata ta rasu, matan masallacin unguwar suka taya ni wanka. Da aka zo kai, suka ba ni wuri in yi mata kitso uku kamar yadda ake yi wa mamaciya. Gashin bai wuce gaɓar yatsa ba, amma ya kamu. Haka na kitsa.

Na dawo Kano da ragowar man a jaka, na kuma gane cewa wani maganin na mai jinya ne, ba na mara lafiya ba. Bayan 'yan gaisuwa sun watse, Umma ta ce, "Gashin ya fito?"

Na ce, "Ya fito, Umma. Da kitsonta ta tafi."