Gwaggo Cima da Yaƙin Tsatsa

Ku da kuka san Gwaggo Cima a Bangi, kun san ba fuskar mutum take fara gaidawa ba, rigarsa ce. Kana "Ina kwana, Gwaggo?" ita idonta na kan wuyan rigarka. In ta hango jan ɗigon tsatsa, ko kamar ƙwayar gero, gaisuwa ta ƙare. "Wa ya yi maka wanki?" Kafin ka amsa ta kwance bakin zane, ga lemun tsami, ga ƙullin gishiri. Ni ɗiyar ƙanenta ce, a ɗakinta na tashi, saboda haka na sha kunya iri-iri.

Wata damina zazzaɓi ya kayar da ita, na kai ta asibiti tana rawar ɗari. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya taho da allura, sai ta ga maɓallin ƙarfe ya ɓata masa farar riga a ƙirji.

"Tsaya, ɗana. Tuɓe wagga riga."

"Inna, ke ce hwa ba lahiya."

"Na sani. Amma wanda bai iya warkar da rigarsa ba, ba shi taɓa ni da allura."

Wallahi sai da ya tuɓe! Da singileti ya yi mata allurar, mutanen layi na dariya har masu ciwon ciki. Tana kwance tana matsa lemu tana murza gishiri, ta ce in shimfiɗa rigar a rana. Bayan mako guda ya aiko mata da wasu riguna uku. Ta ce, "To, yanzu ya fara zama likita."

Itacen lemunta kuwa, na bayan ɗaki, ba na sha ba ne. Maƙwabcinmu Malam Idi ya zo da mura yana neman guda ya matsa a shayi.

"Mura kwana bakwai ta tahi da kanta. Ka taɓa ganin tsatsa ta tahi da kanta?"

Malam ya koma gida, ya dawo da wata tsohuwar hula da tsatsar ƙusa ta ɓata. Nan take ta ba shi lemu biyu. Washegari ta tare shi a hanyar masallaci, ta dube shi sama da ƙasa.

"Tari ya tsaya, hula na nan yadda take. Allah na ganinka, Malam!"

Ni ma ta taɓa fid da ni kunya. Ina amarya, ana gobe Sallah, na wanke farar babbar rigar maigidana, wadda ya gada wurin mahaifinsa, na shanya ta a kan wayar shingen lambu. Da na ɗauko, ga layin tsatsa daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Na ruɗe, na zuba mata jabel, ruwan nan mai wari na sa kaya su yi fari. Ai sai tabon ya ƙara ja! Na naɗe rigar a cikin mayafi na ruga gidan Gwaggo ina kuka.

Ta shinshina. "Jabel? Rakiya, ni na rene ki ko wata?"

Ta ɗauraye rigar har ruwa huɗu, sai da warin ya fita sarai. Ta matsa lemu bakwai, ta barbaɗa gishiri, ta shimfiɗa a kan tabarma cikin ranar azahar, ta zauna da sanda tana korar awaki tana yi mini faɗa. In ya bushe ta ƙara. Kafin la'asar sakaliya tabo ya ɓace. Ranar Idi maigida ya zo gaishe ta cikin rigar, yana yabon wankina.

Ta ce, "Ai Rakiya ta iya. Ka dai saya mata igiyar shanya, ka bar tambaya."

Shekarar da ta rasu, na iske ta wani hantsi ta buɗe akwatinta na ƙarfe, ta fito da wani farin yadi. Likkafaninta ne, ta ajiye tun da daɗewa, kuma gindin akwatin ya ɗiga masa tsatsa a gefe. Hannunta ya riga ya yi rauni, ta kasa matsa lemun.

"Zo ki matsa mini. Zunubaina sun ishe ni, ba ni zuwa gaban Ubangiji da tsatsa kuma."

Na yi dariya, ita ma ta yi, sai na ga hawayena na sauka a kan yadin.

"Kauce! Gishirin da na sa ya isa."

Bayan girbi aka sa ta a cikinsa, fari tas.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Cima. Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ta huta. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.