Yaya ya musanya jar motata da kat-kat

Jama'a, yau Yaya Mamman, direban nan na hanyar Kelle, ya gama da ni!

Kun tuna jar motata ta wasan tsere na waya, wadda muka sa ta ɗaya a jerinmu na motocin wasan? Wata uku ina tara maki kafin in same ta. Ɗazu ya ari wayata. Da ya maido, babu motar, sai wata ƙatuwar kat-kat, irin motar shiga dajin nan!

Na ce, "Yaya, ina motata?"

Ya ce, "Na musanya maka. Cikinta a ƙasa yake, ba za ta iya rairayi ba."

Na ce, "A kan kwalta ake tseren nan!"

Ya ce, "Kwalta ƙarewa take."

Na shiga tseren la'asar, na zo na ƙarshe! Raina na tafasa, shi kuwa yana bayana yana cewa, "Amma ka ga ba ta kafe ba."