Ƙodagon da Yaya Sale bai mayar ba

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana Sale, Allah ya jiƙansa. Ina zaune a Doha, unguwar Old Airport, wajen 'yata Rakiya mai aikin jinya. Ni ba mai fita ba ce, daga kicin sai falo. Amma kwanakin nan hankalina yana can kan dutse, a ƙauyenmu Tudu, kuma ya ƙi kwanciya.

Yaya Sale shi ne shugaban 'yan ƙwallon gora na Tudu. Tun kakanni muke karawa da mutanen Kwari, maƙwabtanmu na hayin rafi, sau ɗaya a shekara bayan girbi. Gora ake sarowa, a gasa kanta a wuta har ya lanƙwashe, da ita ake dukan ƙodagon goruba. Goruba ba ta fitowa a dutsenmu; wani bafatake ya bar mana guda ɗaya, aka ɗinke shi da fata, hannuwa suka mai da shi baƙi wuluk.

Ga al'adar: wanda aka ci shi ke tafiya da ƙodagon gida. In shekara ta zagayo, mutumin garin da aka ci ya tsallake rafi da ƙafa, ya danƙa shi a hannun shugaban ɗaya garin. Gayyatar ke nan. Wanda ya ci ba ya tambaya, don tambayar gori ce.

Wasan ƙarshe mu aka ci. Bitrus, shugaban Kwari, yana ta tsiya: "Sale, a shafa masa mai, kada ya rame a gidan masu kuka!" Yaya ya ce, "Kai dai ka yi ta cin acca, baɗi da rarrafe za ka koma." Kafin baɗin ya rasu.

Da zan taho, na ga ƙodagon a jakarsa, na sa a kayana don in riƙa tunawa da shi. Na zaci za su nemo wani. Ashe mutanenmu sun yi ta nema, kunya ta hana su cewa ya ɓata. Kwari kuma suka yi ta jira, al'ada ta hana su tambaya, har suka yanke cewa raina su aka yi.

Yanzu abin da nake ji a waya ba daɗi. An shuka dankali a rabin filin wasan, kowane gari na cewa nasa ne. Matanmu sun daina cin kasuwar Kwari. Samari suna saro gora har yau, amma ba sa lanƙwasa ta, ƙarfe suke sa mata a kai. Da Yaya zai leƙo ya ga wannan gorar, me zai ce? Mutumin da in an fasa wa ɗan Kwari ƙauri, shi ke goya shi har gida.

Ran Juma'a Rifkatu, 'yar Bitrus, abokiyar aikin Rakiya, ta zo daga unguwar Al-Sadd gaishe ni. Muna cin abinci ta hango ƙodagon a kabad tsakanin kwanuka, ta ajiye cokali.

"Mama, wannan fa? Babana duk girbi sai ya sa a kai masa kujera bakin rafi. Yanzu ma gani na neman gagararsa."

Na ce ta kai masa, tunda hutu za ta. Ta girgiza kai. "Ni 'yar Kwari ce, Mama. Sai ƙafar Tudu ta shiga ruwan."

Yaya bai bar gida mai bene ba, gorarsa ma gara ta cinye. Abin da ya rage nasa shi ne wannan tsallake rafin da bai samu yi ba, ni kuma na riƙe shi shekara bakwai a kabad. Na ce wa Rakiya ta nemo mini jirgi. Girbi saura mako uku. Ina roƙon Allah in tarar da hannun Bitrus a buɗe, kafin samarin su riga ni isa bakin rafin.