Na Ɗauka Daƙiƙanci Ne Ya Hana 'Yata Karatu

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni tela ce a Dutsin-Ma, ga saurin fushi, ga son a yabi 'ya'yana. 'Yata ta biyu tana aji uku a firamare, duk baƙon da ya shigo sai na miƙa mata littafi ta yi ta zubo karatu kamar famfo. Ashe haddacewa take yi daga bakin malami. Ranar da yayana ya zo daga Kurfi ya buɗe tsakiyar littafin ya ɗora yatsa kan kalma ɗaya, sai yarinya ta yi tsuru-tsuru. Kunya ta rufe ni, na huce a kanta. Wata biyu ina zaunar da ita bayan la'asar, tsumagiya a hannuna, ina kiranta daƙiƙiya. Daga ƙarshe na yanke shawarar cire ta daga makaranta ta zauna ta koyi ɗinki.

Wata tsohuwar malama mai ritaya da nake yi wa ɗinki ta roƙe ni in ba ta yarinyar zango ɗaya. Mako uku ba ta buɗe mata littafi ba. Sai ta jera wake, gyaɗa da masara a faifai ta rufe, ta ce ta sake jerawa yadda ta gani. Su yi ta tafi suna rarraba sunayen 'yan gida gaɓa-gaɓa. Yau ta aike ta da saƙo uku a jere, gobe huɗu. Na taka har gidanta na ce wasa na ga ana yi, ba karatu ba. Ko fuska ba ta ɓata ba, ta ce, "Ɗiyata, idonta da kunnenta nike koya ma riƙo. Tsoron da ke ranta kuwa, ke kaɗai za ki iya cire shi."

Kafin zangon ya ƙare yarinyar ta fara haɗa baƙi da wasali da kanta, a hankali, ba hadda. Yanzu tana sakandare. Wallahi ban taɓa ganin haƙuri da basira irin na baiwar Allahn nan ba, kullum tana cikin addu'ata.

Na gane yaron da karatu ya yi wa wuya ba ƙi ya yi ba, taimako yake nema. Iyaye, ku binciki inda ya maƙale kafin ku ɗaga hannu. Malama ta gama nata aikin a zango ɗaya, ni har yau ban gama nawa ba. Idan 'yata tana karatu na shigo ɗakin, sai muryarta ta yi ƙasa, ta fara duban hannuna tukuna.