Kwanon Bayan Labule

Shekaranjiya na bar tuwo a kan wuta na tafi amsa waya. Kafin in dawo gindin tukunya ya kama, warin ƙanzo ya cika gida. 'Yata ta toshe hanci tana tambayata da Turancinsu na 'yan Legas wai me ke ƙonewa, ni kuwa na tsaya da muciya a hannu. Warin nan ya mayar da ni ɗakinmu na Agege, cikin wata damina, ƙarshen makon da kakata ta yi ta gode wa Allah da cikinta wayam, mu kuma muna jin godiyar muna ɗauka ƙoshi ne.

A Agege aka haife ni, a wani gidan haya kusa da layin dogo, irin gidajen nan da ɗaki ke kallon ɗaki, doguwar baranda a tsakiya, kowa da rishonsa a bakin ƙofa. Ɗaki ɗaya muke ciki, ni da ƙannena da Umma da Baba, sai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda aka kawo daga ƙauye neman maganin ido, maganin bai yi ba, ita kuma ba ta koma ba. An ɗaura igiya a kusurwa an rataya tsohon zane, bayan wannan labulen take zaune da tabarmarta da butarta da carbi, da wani ƙullin kaya da ta ƙi kwancewa, don kullum cewa take gobe ko jibi za ta tafi gida. Ni 'yar Ikko take ce min. Wai Hausata a karkace take, wai na fi sanin "oya" ta Yarbanci da bismillah. Ni ma ba na ƙyale ta, sai in ce tsohuwar da haƙoranta suka riga ta komawa Arewa ba za ta gyara min magana ba. Ta yi ta dariya tana laluben inda nake da sanda.

Amma da Baba babu wannan. Shi ne ɗanta na fari, kun kuwa san yadda mutanen da suke da ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallon inda yake, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya durƙusa gaban labule da safe ya gaishe ta, sai ta amsa can ƙasan maƙoshi kamar wadda aka tilasta. In tana son a gaya masa wani abu, sai ta ce da Umma, ki ce wa wancan kaza. Ina ƙarama na ɗauka ba ta son shi ne. Har na taɓa tambayar Umma, ta buge min baki.

Baba ɗan dako ne a kasuwar Mile 12. A farkon daminar nan santsin taɓo ya kwashe shi da buhun albasa a kai, ƙafarsa ta dama ta karye. Abokan aikinsa suka kawo shi gida, aka kira mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare. Da zai tafi sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce da Umma lallai a riƙa ba shi abinci sosai, in ba haka ba ƙashin zai daɗe bai kama ba, ko ma ya kama a karkace. Da ƙarfi ya faɗa, kowa ya ji. Ta bayan labule ma ta ji.

To, abincin daga ina? Da farko 'yan kasuwa sun riƙa aiko da ɗan abin da ya sawwaƙa, tumatir da ya fara laushi, gutsuren doya. Amma damina ce, kaya ba sa saukowa daga Arewa kamar da rani, su ma ta kansu suke yi. Aike ya ja baya, buhun masararmu ya yi ta saɓulewa har ya kwanta a ƙasa. Umma ta koma tuƙa tuwo sau ɗaya a yini, da rana, miyar kuka ba man kirki ba nama. Da safe koko tsararo. Ga gidan burodi a bayan layinmu, kullum da asuba ƙamshinsa ya shigo ta taga ya tashe mu. Wallahi har yau ba na son ƙamshin burodi mai zafi.

Umma tana da yadda take rabo. Na Kaka take fara kwashewa tun tuwon yana da laushi, saboda haƙora, miyarta ma a ɗebe ta kafin a zuba yaji. Sai ta durƙusa ta tura kwanon ta ƙarƙashin labule ta ce, Inna ga abinci, ta tashi da sauri ta fita. Suruka ba ta tsayawa ta ga uwar mijinta tana kai loma baki, abin kunya ne. Na Baba kuma a rufe da faifai a ajiye a kusa da kansa, dab da labulen, don maganin mai ɗori yana sa shi barci, sai wajen la'asar yake tashi ya ci. Mu da Umma a baranda muke cin namu. Can an jima sai ka ji ƙarar kwano a siminti, ga na Kaka ya leƙo daga ƙarƙashin zane, tas, ko ɗigon miya babu. Sai muryarta ta biyo baya, alhamdulillahi, Allah ya yi albarka. Abu ɗaya take roƙo, kada a zubar da ƙanzon tukunya, a jiƙa mata shi a kofi, wai tun tana yarinya take son ruwansa.

Abin da ke faruwa a ɗakin nan idan mun fita, sai daga baya muka sani. Kaka ba ta gani sosai, amma hannunta ya san hanya. Takan miƙo shi ta ƙarƙashin labule, ta lalubo faifan, ta juye tuwonta a kwanon Baba, ta rufe, ta suɗe nata kwanon da yatsa ta turo waje. Baba ya farka ya ga tuwo ya ɗan yi auki, ya ɗauka Umma ce take ƙoƙari. Umma ta ga kwano wayam, ta ɗauka tsohuwa tana ci. Ita kuwa ruwan ƙanzo take sha, da ɗan kokon safe in ba ta miƙa wa ƙanina ba. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka tana haka ba. Na dai san zanenta ya fara zagaye ta fiye da da, muka ce tsufa ne.

Ranar Juma'ar nan da yamma aka tsuge da ruwa, irin ruwan Legas da ba ya sanin ya isa. Kwata ta cika ta tumbatsa, ruwa baƙi ya shigo baranda, muka ɗora risho a kan benci. Muna dogon hutu, babu makaranta, babu fita, muna cunkushe a ɗaki da warin danshi da na man zafin da ake shafa wa Baba. Na yi ta tsokanar Kaka ta ba mu tatsuniya, ta fara, ta tsaya a tsakiya, ta ce ta manta sauran. Kaka da ba ta mantuwa. Ta ce in bar ta, kanta ke juyawa, sanyin ruwan nan ne.

Ran Asabar Baba ya tashi ya ci tuwonsa, sai ya ce da Umma, cikin wasa, wai yau kuma wane irin girki ne wannan, rabin tuwon da tauri rabi kamar fate, miyar ma gefe ɗaya da yaji gefe ɗaya salam. Umma tana fama da kwashe ruwa a bakin ƙofa, ta ce ya yi haƙuri, kananzir ne ya ƙare mata a tsakiyar tuƙi. Magana ta wuce. Bayan labule sai ƙarar carbi.

A ranar ce kuma Iya ta shigo. Iya Bayarabiya ce, ɗakinta na kallon namu, tana sayar da dafaffen wake da manja a bakin titi. Mace ce mai faɗa da hayaniya, amma ba ta da mugunta ko kaɗan, kuma tana sallah kamar mu. Ruwa ya hana ta ciniki, wake ya yi kwantai, sai ta cika kwano ta shigo har ɗaki tana yi wa Baba sannu. Ta leƙa bayan labule ta tambayi Kaka, da 'yar Hausarta da ta tsinta a unguwa, "Mama, kin ci abinci?"

Kaka ta ce, "Alhamdulillahi."

Iya ta ce to madalla, ta juyo ta miƙa mana waken, mu yara muka far masa har muna ture juna. Ita a wajenta magana ta ƙare, an tambayi mutum ya ce ya gode Allah, ai ya ci ke nan. Ina za ta san cewa a wajen su Kaka kalmar nan fuska biyu gare ta? Da ita ake godiya in an ƙoshi, da ita kuma ake rufe yunwa in an tambaye ka a gaban mutane. A ƙauyensu Kaka ba a tambayar babba ko ya ci. Kwano ake ajiye masa a juya baya. In ka tambaya, ka riga ka hana shi, don ba zai taɓa buɗe baki ya ce a'a ba, balle a gaban surukarsa, balle ɗanta na fari yana kwance yana ji. Umma ta san wannan sarai, amma ita kwanonta wayam yake dawowa, me za ta zarga?

Ran Lahadi da hantsi ruwa ya ɗan tsagaita. Kaka ta ɗauki buta ta fito tana bin bango za ta kewaya. Ba ta kai ƙarshen baranda ba. Ƙarar butar muka fara ji, sannan salatin Umma. Baba ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta hana shi, ya koma ya zube yana kiran Inna, Inna. Iya ce ta fita cikin yayyafi ba ɗankwali ta tare wani mai motar haya ta danfo na layinmu, aka ɗauki Kaka kamar ƙullin wanki, ba nauyi, aka kai ta wani ƙaramin asibiti.

Umma ta ba mu labari daga baya. Ta ce ma'aikaciyar da ta duba Kaka ta tambaye ta yaushe rabon tsohuwar nan da abinci. Umma ta ce jiya ma ta cinye tuwonta tas. Matar ta dube ta, ta ɗaga hannun Kaka ta nuna mata, ta ce wannan jikin ya daɗe bai ga abinci ba. Nan take maganar Baba ta jiya ta faɗo wa Umma, rabi da tauri rabi da laushi, gefe da yaji gefe babu. Ta ce nan ta zauna a ƙasa a gaban mutane.

Aka yi wa Kaka ƙarin ruwa, aka dawo da ita kafin magariba, don kwanan asibiti ya fi ƙarfinmu. Umma tana shiga ɗaki ta fizge labulen nan, har igiyar ta tsinke. Ban taɓa ganin ta yi abu da fushi haka ba. Ta gaya wa Baba komai a tsaye, a gaban Kaka, ba kunya ba kara. Baba ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa. Iya ta shigo da kwanon wake da kofin koko mai kauri, wannan karon ba ta tambayi kowa komai ba, ta dire su tana ta faɗa da Yarbanci tana share hawaye da gefen zane.

Umma ta tallafo Kaka ta kai mata cokali baki. Kaka ta kawar da kai. Da ƙyar muryarta ke fita, ta ce, "Ya ci?"

Baba, daga inda yake kwance, ya ce, "Alhamdulillahi, Inna."

Sai Kaka ta juyo da fuskarta wajensa. A iya sanina wannan ne karon farko da ta yi masa magana ba ta bakin kowa ba. Ta ce, "Ba alhamdulillahi na tambaye ka ba. Ita na san ta. Ka ci?"

Bai ci ba tun safe. Umma ta tura masa kwanon waken. Ya ci yana kuka, babban mutum, manja yana bin gemunsa, ita kuma ta karkata kunne tana sauraren cokali yana taɓa kwano, don idon ba ya kai mata. Sai da ta ji ya fara kankare gindin kwanon sannan ta buɗe baki ta karɓi kokon.

Ba ta tashi ba. Cikin ya riga ya saba da babu, abin da aka ba ta kaɗan yake zama. Kafin damina ta ɗauke ta rasu, aka binne ta a nan Agege, gidan da take ta cewa gobe ko jibi ba ta koma ba. Ƙafar Baba kuwa ta kama, ta kama daidai, ko ɗingishi ba ya yi. Ya koma dako, ya ciyar da mu, ya sa mu a makaranta. Na sha ganin ya zauna yana kallon ƙafar nan kamar ba tasa ba.

Mutane suna yabon kunyar mutanen da, ni ma ina yabo, amma ba zan ɓoye muku ba, har yau ina jin haushi. Mutum nawa a ɗaki ɗaya, numfashin juna muke shaƙa, tsohuwa ta ƙare a bayan zane guda saboda kowa yana jin nauyin kowa. 'Ya'yana yanzu in suna jin yunwa ihu suke yi tun daga bakin ƙofa, wani lokaci in ji kamar in kwaɗe su, sai in tuna, in ƙyale su.

Umma ta rasu, Iya ma haka, gidan nan an rushe shi an yi shaguna. Baba yana wurina yanzu a Abule Egba, ya tsufa, haƙora sun zube, ni nake kwashe masa tuwo tun yana da laushi. Kuma ba na ajiyewa in juya baya. Dangin mijina suna cewa ba tarbiyya ba ce 'ya ta tsare ubanta da ido yana cin abinci. Su yi ta faɗa.

Shekaranjiyar nan da na sake tuƙa wani tuwon na kai masa, warin ƙanzon bai gama fita daga gidan ba. Na ga ya ɗaga hanci. Ya kai loma biyu, ya ture kwanon, ya ce alhamdulillahi. Na mayar masa da shi gabansa, na jawo kujera na zauna. Na ce, "Baba, ita na san ta. Ci."