Baban Kwalabe da Bokitin Malam

"Baba, ruwan ya mutu!"

Sabon malamin kimiyya ne ya faɗo ɗakin gwaje-gwaje, gumi sharkaf. Saura minti arba'in ɗalibai sittin su shiga jarrabawar fita. Shuɗin ruwan gishirin jan ƙarfe da hukumar jarrabawa ta aiko don su yi gwaji da shi ya koɗe ya koma kore, cikin bokitin da ya juye shi kuma ya yi jawur.

Dattijon da ake kira Baban Kwalabe, mai kula da ɗakin shekara talatin da ɗaya, ya leƙa.

"Malam, a bokitin baƙin ƙarfe ka ajiye shi tun jiya?"

"Kwalaben sun cika..."

"Ai ka kai kura gadin awaki. Baƙin ƙarfe ɗan zafin kai ne, ya ga jan ƙarfe cikin ruwa sai ya kore shi ya gaje wurin. Jan ƙarfe kuwa, tsoma shi a ruwan baƙin ƙarfe, ya kwana bai ce uffan ba. Miƙo sikeli, kuka ba ya auna gishiri."

Ya buɗe akwatin da yake tara ragowar gishirin shekarun baya. Ya auna, ya dama, ya tace. Ƙararrawa na kaɗawa, shuɗin ruwa na kan kowane tebur. Duk ƙusar da ɗalibi ya tsoma ta fito ja.

Baba ba shi da digiri. Kullum shi ke fara buɗe taga, ya wanke kwalabe, ya goge ƙusoshi ɗaya-ɗaya da yashi, don mai tsatsa ba ta nuna gaskiya. Masu shara sun shaida, bai taɓa faɗa wa shugabar makaranta kuskuren malam ba.

Kai ne, Baba, mai rufa asirin masu takarda. Likitoci nawa suka fara riƙe kwalba a hannunka, ba su ko san sunanka ba? Jibi za ka ajiye aiki. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ku koyi wannan hali.

Bayan an tashi, Baba na cikin tattara makullai wata mata ta tsaya a ƙofa da jaka, katin hukumar jarrabawa a wuyanta.

"Ruwan da muka aiko a hatimce, wa ya canza shi?"

Malam ya ja da baya. Baba ya goge hannu, ya matso gaba.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Shigo ki zauna."